Larabar da Makullinmu Ya Tada Moton Wani

A shekarun da antarnet ta fara shigowa Birnin Konni, ni malamar Faransanci ce a kolejin Malbaza. Na gama jami'a tun kafin in yi aure, amma son ƙarin karatu bai bar ni ba. Sai dai ƴaƴa uku gare ni, ƙaramar ba a daɗe da yaye ta ba, kuma ko ni kaina ban ga yadda zan bar su in je in zauna Yamai ba. Mijina ma'aikacin gona ne na gwamnati, shi ke zagaya ƙauyukan Dogarawa a kan jan motonsa, wato babur, yana duba gero da wake, yana kai maganin fara. Mutum ne mai saurin hawa da saurin sauka, mai son gardama kamar abinci. Ina ce masa Malam, shi kuma Madan yake ce mini kamar yadda ɗalibaina ke kirana, sai dai shi da tsokana a bakinsa.

Wani sufeton makarantu da ya zo duba mu ne ya ba ni labarin cewa wata jami'ar gwamnati a wata ƙasa ta buɗe karatun mastar, wato digiri na biyu, daga nesa. Mutum yana garinsu, darasi ya zo masa ta kwamfuta, ya yi aiki ya aika ta nan, jarabawa kaɗai zai je ya zauna a Yamai. Na dawo gida ina rawar jiki. Malam yana cin tuwo ya saurare ni har na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Madan, nan bakin iyaka muke. Ni da idona na ga difilom, takardar zama likita, da anka buga bayan tasha, da hatimi da komi. Ki tabbata jami'ar nan akwai ta bisa ƙasa tukuna."

Maganar ta ba ni haushi, amma na san da gaskiyarsa. Muka shirya cewa duk Laraba da rana, tunda ba a karatu, zai ɗauke ni a moto mu je Konni in bincika. Larabar kuwa ita ce ranar kasuwar garin.

Ɗakin antarnet ɗin, wanda kowa ke kira siber, yana kusa da bakin kasuwa, tsakanin mai sayar da kayan moto da mai shayi. Mai shi magidanci ne ɗan gidan ƴan kasuwa, iyayensa daga wajen Sakkwato suka zo. Ɗaki ne matsattse mai zafi, kwamfutocin duk tsofaffi. Shafi ɗaya sai ka shanye ruwan leda bai gama buɗewa ba. In an ɗauke wuta ya tada janareta a bakin ƙofa, daga nan kuma sai da ihu ake jin juna. Yawancin lokaci ni kaɗai ce mace a ciki.

Mastar uku jami'ar ta buɗe. Akwai na shugabancin makarantu, akwai na tafiyar da ayyukan raya karkara, akwai kuma na koyar da Faransanci ga yaran da ba da shi suka tashi ba. Abin da nake so in sani bai da yawa. Su wa ke koyarwa, malaman jami'ar ne da gaske ko ƴan haya ne? Ma'aikatar ilimi ta ƙasarmu za ta yarda da takardar? Kuma mace mai ƙananan ƴaƴa da aji cike da yara, a garin da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama, za ta iya kai shi ƙarshe?

Na shugabancin makarantu shi ya fara faɗuwa, ko da yake malamansa manya ne. Dole ne ɗalibi ya shiga aji kai tsaye ta antarnet da maraice sau da yawa a mako, ni kuwa a lokacin ina Malbaza gaban murhu. Na karkara darussansa ana iya saukewa a tafi da su gida, amma da na bi sunayen masu koyarwa sai na ga mafi yawansu ba na jami'ar ba ne, daga waje ake ɗauko su. Ga shi kuma sai mutum ya yi watanni yana koyon aiki a wata ƙungiya, kuma da na tambaya a buro, wato ofishin ilimi, aka ce mini ba zai ƙara mini matsayi a koyarwa ba. Na ukun kuwa, da na aika tambayoyi, shugabar sashen ce da kanta ta amsa mini ɗaya bayan ɗaya. Ta ce binciken ƙarshe a cikin ajina zan yi shi, da ɗalibaina. Na roƙe ta ta haɗa ni da wani da ya gama, ta haɗa ni da wani malamin ƙauye a wata ƙasa. Shi bai ɓoye mini komai ba. Ya ce darussan suna da kyau, amma gyaran aiki yana jinkiri har ka manta abin da ka rubuta, kuma kaɗaici ya sa da yawa sun watsar a hanya.

Malam tun farko na karkara ya zaɓar mini. Ya ga yadda ƙungiyoyin agaji suka cika yankin bayan shekarar yunwa, da manyan motocinsu, yana ganin nan ce mafita. Duk hanyar komawa Malbaza muna bisa moto yana waiwayowa yana kawo hujja, iska tana kwashe rabin maganar.

A wannan shekarar Konni ba ta zauna lafiya ba. Ana yi wa ƴan kabu-kabu fashi. Mutum zai tsaida ɗan kabu-kabu ya ce a kai shi wani ƙauye wajen iyaka, in sun shiga daji ya kwaɗa masa ƙarfe a ƙeya ya gudu da moton. An tsinci gawar ɗaya daga cikinsu a wani kwazazzabo, matashi ne mai sabon aure. Tun daga ranar suka fara yawo da sarƙar moto da guntun ƙarfe a ƙarƙashin wurin zama. Wata Laraba muna cikin siber muka ji gari ya ɗauka. Na leƙa na ga sun jawo wani mutum bisa kwalta ta ƙafa, kansa yana bugun ƙasa, ana bin sa da duka, jini ya ja layi a bayansa. Mai siber ya sauke ƙofar ƙarfe zuwa rabi. Muka zauna a duhu-duhu gaban kwamfutoci muna jin ƙarar dukan har ƴan sanda suka zo suka karɓe shi. Har yau ban san ko ɓarawo ne ba.

Larabar da abin ya faɗo kanmu, saura kaɗan a rufe karɓar takardu. Kasuwa ta cika, albasa ta shigo, motocin ɗaukar kaya sun toshe hanya. Malam ya ajiye moto a layin motocin da ke gaban siber muka shiga. Na buɗe shafin rajista, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni yana karantawa ta bisa kafaɗata. Da ya ga na kai hannu kan na koyar da Faransanci sai ya riƙe mini hannu.

"Madan, tsaya. Har yaushe za ki yi ta shan ƙurar alli? Ki ɗauki na karkara ki huta, mu ma mu huta."

Na ce, "Malam, mun gama wagga magana. Malamansu ba na jami'a ba ne, kuma wa za shi riƙa mini ɗiya in na tahi koyon aiki?"

"Inna na nan. Ke dai tsoro kike ji."

Janareta yana ruri, dole muna ɗaga murya. Ban san lokacin da na ce, "Karatuna ne ko naka?" ba. Daidai nan janaretan ya shaƙe ya yi shiru na ɗan lokaci, maganata ta fita fes kowa ya ji. Mazan da ke ɗakin suka waiwayo. Malam ya miƙe da ƙarfi har kujerar ta kife. Ya ce, "To ki zauna da abinki. Na tahi sayen irin albasa." Ya fice bai ko tada kujerar ba.

Abin da ya faru a waje daga baya na haɗa shi daga bakin mutane. Bayan shigarmu, wani mai kurar kaya da ya rasa hanya ya ɗaga motonmu ya jingine shi a lungu jikin bango. Wani ɗan kabu-kabu ya zo ya ajiye nasa a gurbin, ya tsallaka wajen mai shayi. Ja ne shi ma, irin ƴan Cainan nan da rabin gari ke hawa, har da farin tabo a tanki kamar namu. Malam ya fito idonsa a rufe da fushi, ya haye, ya zura makullinsa. Makullin ya side da tsufa, ya murɗa ya buɗe. Ya buga moto ya tashi. Mai moton ya hango shi ya yar da kofin shayi ya kwarma ihu, "Ɓarawo!" Malam ya ji ihun, amma bai kawo a ransa da shi ake ba. Ya ƙara wuta don ya kauce wa rikici.

Ni ma na ji ihun ban tashi ba. Na ɗauka irin na wancan makon ne, na ce a raina Allah ya sa Malam ya riga ya wuce. Sai mai siber ya faɗo ɗakin yana haki ya ce, "Madan, mijinki ne! Mijinki suka kama!"

Ban tsaya neman takalmi ba. Ko da na fito, hanya ta toshe da mutane. Wani ɗan kabu-kabu ya riga ya banke Malam ta baya, ya faɗi ya gurzu bisa kwalta, moton yana kwance gefe ƙafarsa tana juyawa. Ban ga Malam ba, bayan mutane kaɗai nake gani, da hannuwa suna ɗagawa suna sauka da sarƙoƙi da itacen rumfa. Ƙarar ba ta yi kama da ta dukan mutum ba, kamar ana bugun buhun wake take. Na tura, aka maido ni. Na ja rigar wani, ya make ni da gwiwar hannu a baki na ji gishirin jini. Na gantsara wa wani cizo a damtse ya janye, na durƙusa na kutsa ta tsakanin ƙafafu ina rarrafe, ana taka mini yatsu.

Da na isa gare shi, da rigarsa na gane shi. Fuskar ta kumbura ta rufe, bakinsa ya karkace gefe ɗaya, idon hagu jini kawai. Ya dunƙule ya rufe kai da hannuwa, wani ƙato yana tsaye kansa yana zabga masa sarƙa a haƙarƙari. Na faɗa bisa shi na rufe kansa da ƙirjina. Ina ihu, "Mijina ne! Ma'aikacin gona ne! Motonmu na can gaban siber!" Na faɗa da Hausa, na faɗa da Faransanci, ba wanda ya ji. Itace ya sauka a hannuna na dama, na ji ya yi ƙas kamar busasshen kara. Wani ya sauka a gadon bayana numfashina ya ɗauke. Na ji wata murya tana cewa, "Matar ɓarawo ce, ku haɗa da ita!" Wata kuma tana cewa, "Ku janye macen, ku janye ta!" Aka kama ƙafata ana ja, na cusa hannun hagu cikin bel ɗin Malam na riƙe. Suka ja mu tare.

Sai na ji sanyi ya zubo mini a ƙeya ya gangara cikin riga. Kafin in gane, wari ya gaya mini. Wani ya ɗauko kwalbar fetur daga teburin masu sayarwa a bakin hanya ya juye mana. Idanuna suka ɗauki yaji. Aka jefo tsohuwar taya ta faɗo mini a ƙugu. Na ji ana cewa, "Ashana! Wa ke da ashana?" Mutanen da ke kusa suka ja da baya don kada wuta ta kama su, fili ya buɗe kewaye da mu. A nan na daina ihu. Na sa bakina a kunnen Malam ina yi masa kalmar shahada, ina jin numfashinsa yana fita da gurnani. Fuskar ƙaramar ɗiyata ce ta tsaya mini a ido.

Cikin filin nan da ya buɗe mai siber ya shigo, yana tura motonmu da gudu kamar zai banke mutane. Ya tsaida shi kusa da wanda ke kwance. Ya duƙa ya zare makullin Malam daga moton ɗan kabu-kabun, ya ɗaga shi sama, muryarsa ta dushe yana cewa, "Ku duba! Ku duba, don girman Allah!" Ya zura shi a namu ya buga. Moto ya tashi. Ya danna oda bai saki ba.

Na gaba suka tsaya. Mai moton, wani siriri mai jar hula, ya dubi motocin biyu, ya dubi makullinsa da ke hannunsa, ya zauna daɓas a ƙasa. Amma na baya ba su ga komai ba, suna ta jifa. Dutse ya sami mai siber a goshi, jini ya rufe masa fuska, bai matsa daga kanmu ba. Wani mahauci ya kama wuyan hannun wani da ya taho da ashana ya murɗe har ya saki. Sai motar ƴan sanda ta iso, suka diro da kulake suna dukan duk wanda suka samu. Kafin a ɗaga mu, wurin ya watse, sai takalma da guntayen itace.

A asibitin Konni aka wanke mana fetur, ya riga ya sale mini fatar wuya. Daga nan aka wuce da mu babban asibiti a wani gari. Muƙamuƙin Malam ya karye, aka ɗaure shi da waya. Haƙarƙarinsa sun karye, idon hagu kuma likita ya ce ba abin da za a iya yi. Ni aka sa mini filasta tun daga yatsu har kafaɗa.

Washegari ƴan'uwan Malam suka iso daga ƙauyensu na wajen Dogarawa, mota cike, kowa da gora, ƙaninsa har da gatari cikin buhu. Babban wansu ya shiga ya ga Malam, ya fito idonsa ja. Niyyarsu su wuce Konni su tare tashar ƴan kabu-kabu. Ina baranda ina roƙonsu, sai ga mai jar hular nan ya shigo tare da shugaban ƴan kabu-kabu da wani limami, sun zo ba da haƙuri. Limamin bai gama sallama ba wani ya ce, "Shi ne mai moton." Ƙanin Malam ya ɗaga gora ya sauke masa a tsakar ka. Hular ta tashi, kan ya dare, ya faɗi bisa siminti. Suka rufe shi da shuri. Limamin ya shiga tsakani aka hankaɗe shi, rawaninsa ya warware. Ma'aikatan asibiti suna ta kururuwa. Na kama rigar babban wan da hannun hagu ina cewa, "Yaya, don Allah! Yaya, za ku kashe shi!" Ya fizge, na bugi ginshiƙi da karyayyen hannun, na ga wuta.

Gadon Malam yana kusa da taga, yana jin komai, ga baki a ɗaure. Ya ɗauki kwanon ƙarfe ya wurga ya daki ƙofa. Sannan ya jawo jikinsa ya sauko daga gado, ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa, ya zube ƙasa, allurar ruwa ta fizge jini yana bin hannunsa. Haka ya rarrafo har bakin ƙofa yana wani gunji ta hanci, yana kaɗa musu hannu. Da suka gan shi suka tsaya. Ƙaninsa ya yar da gorar ya durƙusa gabansa yana kuka.

Aka ɗinke kan mai moton, kuma da yake babu wani gado, aka kwantar da shi a ɗaki ɗaya da Malam, suna fuskantar juna. Ina zaune tsakaninsu. Da ya farfaɗo ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya ce mini, "Madan, wallahi ihu ɗaya na yi. Ban taɓa shi ba. Moton ma ba nawa ba ne, na maigidana ne. Wanda anka kashe a kwazazzabo tare munka tashi."  Da matarsa ta kawo kunu, ta zuba a kofi ta miƙo mini, na ba Malam ta bututun roba.

An kama wasu aka kai su kotu, na je na ba da shaida da hannuna a rataye. Ƙaton mai sarƙa da wasu suka yi watanni a kurkuku. Ƙanin Malam shi ma ya kwana wajen jandarma kafin dattawa su sasanta. Wanda ya zuba mana fetur ba a taɓa gano shi ba, kowa ya ce bai ga fuskarsa ba.

Maganar mastar ta fita kaina gaba ɗaya. Malam ne ya tuna mini, muna asibiti, ta cikin haƙoran da aka ɗaure. Sai da na sa kunne ya maimaita kafin na gane cewa yake, "Kin aika?" Na ce a'a. Ya nuna mini ƙofa. Na bar shi da Inna, mahaifiyarsa, na shiga motar haya zuwa Konni. Na sauka gaban siber na shiga. Mai siber, da ɗinki a goshi, ya share mini kujera. Da yatsa ɗaya na hannun hagu na cika rajistar, na zaɓi na koyar da Faransanci.

Malamin ƙauyen nan gaskiya ya gaya mini. Darussan suna da kyau, sun sa na fahimci dalilin da ya sa yaran da ke zuba magana da Hausa a waje suke zama kurame da zarar sun shigo aji. Gyara kuwa yana daɗewa, wani malamin ma sai ka rubuta masa har ka gaji bai amsa ba. Nakan sauke darasi a Konni in buga shi a takarda in karanta tsakanin aji da girki. Sau biyu na yanke shawarar bari.

Abin da ya fi karatun wuya shi ne gida. Malam ya dawo da ido ɗaya da tsoron taro. Ya sayar da moton, bai sake hawa ba. In an ɗaga murya a titi sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Wata rana da hantsi akuyar maƙwabta ta shigo ta sa baki a tiren shinkafa, babban ɗanmu ya bi ta da gudu yana dariya yana cewa, "Ɓarauniya! Ɓarauniya!" Malam ya fito daga ɗaki kamar an jefo shi, ya kwaɗa wa yaron mari har ya faɗa kan randa ta fashe. Bai taɓa dukan ɗansa ba sai ranar. Yaron yana kwance cikin ruwa bakinsa na jini, ya kasa ko kuka. Malam ya dubi hannunsa, ya zauna nan cikin caɓi ya rungume shi, su biyu suna kuka. Daga ranar na hana a faɗi kalmar a gidanmu.

Tunda ba ya iya zagayen ƙauyuka, aka maida shi aikin buro a Illela ta cikin ƙasarmu, ni ma na nemi canji na bi shi. A can akwai antarnet a buronsu, mai buron ya yarda in riƙa shiga bayan an tashi. Malam ya sami ɗan lambu a fadamar Badaguishiri, yakan je a motar haya ranar hutu ya yi ta ban ruwa shi kaɗai. Na gama karatun a makare, bayan waɗanda muka fara tare, amma na gama, kuma ma'aikata ta yarda da takardar bayan dogon jira.

Da lokacin kare bincikena ya yi, Malam ya ce shi zai raka ni Yamai. A tashar birnin ya kasa jure cinkoso, ya riƙe jakata da hannu biyu, gumi yana keto masa, har muka isa gidan wata ƴar'uwata. Can ya zauna bai fita ba. Ni na je wani ɗaki mai sanyi na zauna gaban kwamfuta da lasifika, malamai daga wata ƙasa suna yi mini tambayoyi, muryarsu tana yankewa tana dawowa. Suka ce na ci. Na dawo na gaya masa, ya ce, "Madalla, Madan," ya juya fuska gefen bango na ɗan lokaci.

A hanyar komawa motarmu ta lalace bayan Dogon Dutsi, da rana tsaka. Fasinjoji muka sauka muka taru ƙarƙashin wani babban gawo, ƴan kasuwa da mata masu goyo da wasu samari masu surutu, ba wanda muka sani. Wani dattijo ya shimfiɗa tabarma ya ce Malam ya zauna. Ya zauna, can ya kishingiɗa, ya ɗora hula a fuska. Kafin a jima na ji yana minshari, samarin nan suna ta hayaniya a kansa. Tun da abin ya faru ban ga ya runtsa a cikin mutane ba. Da aka gama gyara, direba ya zo zai tashe shi, na ce ya ɗan dakata a gama loda kaya tukuna. Ya dube ni, ya dubi Malam, ya koma ya sake ɗaure kayan da ya riga ya ɗaure.